Sumitra Akka, Ɗalibar da Ba a Yaye Ba

Kafin mai madara ya shigo layinmu da kekensa, Sumitra Nadgir ta riga ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta yi zanen garin shinkafa a bakin ƙofa, ta koma ciki ta ɗauko tanpura, babban molon da ke raka muryar mawaƙi. Ba ta fara waƙa nan take. Zama take yi ta jingina dogon wuyan abin a kafaɗarta, tana murɗa nan, tana taɓa can, kai a karkace kamar mai sauraron gulmar maƙwabta, har sai tsirkiyoyin huɗu sun yarda da juna. Sannan ta buɗe baki ta kama sauti ɗaya tak, can ƙasa, ta riƙe shi har numfashi ya ƙare, ta ja wani ta sake kamawa. Baƙon da ya kwana a layin yakan tambaya ko injin niƙa aka tayar. Sai rana ta leƙo ta bayan bishiyoyin mangwaro take shiga Todi, raag ɗin safe, wato salon waƙar da ake rerawa a wannan lokacin, daga nan kuwa baƙo ba ya sake tambayar komai.

Da hantsi takan ɗauki lema da ɗan kwanonta na gurasar dawa da miyar gauta, ta taka zuwa makarantar waƙa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Sama da shekara arba'in ke nan tana bin wannan hanya. Duk garinmu Dharwad Akka ake ce mata, wato yaya, har tsofaffin da suka girme ta. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ɗan ƙaninta ya zo ya tafi da ita Bengaluru ta zauna a wurinsa. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi nata tun tana kusa, tana jin mu.

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci wa layinmu tuwo a ƙwarya. A garin da kusan kowane gida ke da mawaƙi, ko aƙalla mai kushe mawaƙa, kowa ya yarda babu muryar da ta kama ƙafar ta Akka. Amma ba a taɓa sanar da taro da sunanta ba. Ba wanda ya taɓa ganin ta zauna a gaban dandamali, makaɗin gangar tabla a damanta, ta rera raag daga farko har ƙarshe. A baya take zama, rungume da tanpura, rabin fuskarta a ɓoye bayan kafaɗar wani. Ta taga muka san muryarta, tagar ma guntu-guntu take ba mu, domin ko a gida Akka ba ta kai waƙa ƙarshe. Sai ta kawo daidai inda tsikar jikin mutum ta fara tashi, ta tsaya cak, ta koma baya gyaran wani abu da ita kaɗai ta ji ya karkace.

Yallavva mai kindirmo ta ce tsoron taro ne. Wasu suka ce miji ne ya hana, alhali Akka ba ta taɓa aure ba. Da na gaji da ji-ta-ji-ta sai na nemi Husensab Nadaf, tsohon makaɗin tabla da ya yi wa malaminta kiɗa tun yana saurayi, yanzu kuma yake kaɗa wa yaran makarantar. Na same shi a shagon shayi yana tsoma biskit.

"Tsoro?" ya ce, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Matar da ta taɓa tsayar da ni a tsakiyar kiɗa, gaban yara, ta ce ina sauri kamar mai bin jirgi? Wallahi ba ta tsoron kowa. Kalma take jira, mai faɗinta kuma ya daɗe da zama toka."

Ga yadda abin yake. Tana yarinya mahaifinta, ma'aikacin gidan waya, ya kai ta gidan Pandit Anantrao Betgeri. Pandit ya sa ta rera ɗan abin da ta iya, ya ɗaura mata jan zare a wuyan hannu, ya sa mata mazarƙwaila da gasasshen wake a baki, ta zama ɗalibarsa kuma 'yar gida. Ta ɗebi ruwa, ta kankare kwakwa, ta matsa masa ƙafa, ta yi shekara da shekaru a kan Todi kaɗai. Da murya ta nuna, sai ya fara zaunar da ita a bayansa a wurin taro. Aikin na baya sananne ne. Shi ke riƙe tanpura, kuma duk lokacin da na gaba ya tsaya jan numfashi ko kurɓar ruwa, shi zai ɗauki waƙar daga inda aka ajiye ta, ya riƙe ta kada ta faɗi, har mai ita ya dawo ya karɓi abarsa. Barin shiru ya sauka a tsakiyar raag abin kunya ne da ba a manta wa ɗalibi.

Gaba kuwa ba a zama sai malami ya yaye ka. Babu biki, babu komai. Wata rana ce kawai zai dube ka ya ce, "Je ka rera," shi ke nan. Ya faɗa wa ɗalibansa maza, suka tafi birnin Pune, ɗaya har gidan rediyo ya ɗauke shi. Sumitra kuwa, duk shekarar da ta durƙusa ta taɓa ƙafarsa ranar girmama malamai, sai ya dafa kanta ya ce, "Da saura." Ana nan ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, harshe ya mutu. Ita ta yi jinyarsa, ita ta riƙa ba shi kunun shinkafa da cokali tana duban bakinsa. Ya rasu bai faɗa ba.

"In gaya maka gaskiya?" in ji Husensab, ya sassauta murya duk da ba kowa a shagon sai mu da kyanwa. "A shekarunsa na ƙarshe muryar Guruji, wato Pandit, ta riga ta tafi. Zai ɗaga waƙa ya kai rabin tsani, sai ya yi kamar yana gyara mayafi, ita ta ƙarasa hawan. Mutane su girgiza kai su ce kai, Pandit bai tsufa ba. Ni ina gefe ina kiɗa, ina gani. To in ya yaye ta, wa zai rufa masa asiri? Allah ya yafe mini, mutumin kirki ne, na ci abincin gidansa. Amma yarinyar nan ya danne ta."

Ni ma haushin Pandit nake ji, ba zan ɓoye ba, ko da yake ban san shi ba sai a hoto da furanni a wuya. Na kai maganar gun Akka wata yamma tana tsince tsakuwa daga wake a tire. Ina ambatar sunansa ta kai hannu ta kama fatar kunnenta, kamar yadda ɗalibi ke yi in an kira sunan malaminsa.

"Husen ya cika surutu," ta ce. "Da hannunsa na aiki kamar bakinsa, da tuni yana Mumbai."

"To amma, Akka, mutumin nan ya rasu. Wa zai ce kin yi laifi?"

"Ba wanda zai ce. Ni zan sani." Ta ture wata tsakuwa gefe. "Duk abin da ke cikinsa ya juye mini, bai rage ba. Kalma kawai ya riƙe. In na miƙa hannu na ɗauka da kaina, sata ce."

"Ke a ganinki gaskiya ya faɗa? Akwai sauran?"

Ta ajiye tiren a gefe.

"Abin da nake so in sani ke nan," ta ce. "Kullum da safe shi nake nema. Yau in ce a numfashi yake, gobe in ce a saukowa ne. Wata rana in ce babu shi, Husen ne da gaskiya, sai kuma in ji kunyar kaina. Mutum ba zai san ko ya iya iyo ba yana tsaye a bakin kogi. Yanzu ga murya ta fara rawa in na hau sama. Ina jin da tambayata zan tafi."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ba ta neman suna, ba ta neman tafi. So take kawai ta san ko ta isa, lokaci kuma na neman ƙure mata.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka zaman jira ta yi duk shekarun nan. Ke ce, Akka, kika ji 'yar mai gyaran takalmi na bakin tashar mota tana ɗan rera waƙa ranar da ta kawo miki silifas ɗinki, kika ce ta maimaita, kika riƙo hannunta har makaranta. Da wasu iyaye suka fara ƙunƙuni a kan 'ya'yansu na zama tabarma ɗaya da ita, kika ce duk wanda abin ya dama ya zo da tasa tabarmar ya shimfiɗa a waje, za ki bar masa taga a buɗe. Ba wanda ya zo da tabarma. Yarinyar nan ita ce Netravati, wadda yau ake hawa jirgi daga gari zuwa gari don a ji ta.

Ke ce ba ki taɓa korar yaron da muryarsa ta fashe ba. Sai ki miƙa masa tanpura ki ce ya yi shiru ya saurara shekara guda, murya za ta dawo ta same shi ya fi da wayo. Ke ake kira gidan da tsoho ke kwance ya daina cin abinci. Yallavva ta shaida mana cewa da mijinta ya kai gargara, kin zo kin zauna a ƙasa kusa da gadonsa kina rera raag ɗin Bhairavi a hankali, har numfashinsa ya daidaita, ya daina fizge-fizge. Da ta tambaye ki ko wannan bai karya miki doka ba, kika ce ɗakin majinyaci ba dandamali ba ne. Manyan mawaƙan da ke zuwa garin nan kuwa, tun daga tasha suke tambaya ko Akka za ta zauna musu a baya. Rumfa sha shirgi, kin ɗauki nauyin waƙar mutane da yawa, su aka tafa wa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take yaye nata ɗaliban. Mutum zai zaci wadda aka hana za ta iya hanawa. Akka kuwa da ta ga ɗalibi ya kai, ba ta bari a kwana. Takan kira uwar yaro, ta kira mai gadi, ta kira duk wanda ke wucewa, ta ɗaga murya ta ce, "Je ka rera," sannan ta tambayi shaidu ko sun ji. Ranar da ta faɗa wa Netravati, Husensab ya ja ta gefe ya ce ta yi garaje, yarinyar ba ta gama nuna ba.

"Gara ta faɗi gaban mutane ta tashi," in ji Akka, "da ta tsufa a baya tana tambaya. Kai ka san ranar da harshena zai tsaya?"

Makon jiya aka yi taron tunawa da Pandit, wanda makarantar ke yi kowace shekara da safe, aka haɗa shi da ban kwana da Akka. Shugabannin makarantar sun roƙe ta, wannan karon kawai, ta zauna a gaba. Ta kama kunne ta ce Pandit bai ce ba. Sai aka kira Netravati daga Mumbai ta zo ta rera, ita kuma ta ce ba za ta hau ba sai malamarta ta riƙe mata tanpura. Akka ta yarda, dama ba ta taɓa ƙin zama a bayan kowa ba.

Ana gobe taro Netravati ta tarar da Husensab a shagon shayin nan, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna.

"Kaka Husen, in na gaba ya tsaya shan ruwa, har yaushe na baya yake riƙe waƙa?"

"Ke da kika goge a baya kike tambayata? Har na gaba ya dawo mana."

"In bai dawo ba fa?"

Husensab ya ajiye kofi. Ya dube ta, ya dubi titi, ya sake dubanta.

"Ba a taɓa yi ba," ya ce. "Za ta yanka ki."

"Ta yanka. Kai dai kada hannunka ya tsaya."

"Ji 'yar banza. Hannun nan tun uwarki na goye yake kiɗa, yau ke za ki koya masa?"

Da safe ɗakin taro ya cika, takalma tuli a bakin ƙofa, hoton Pandit a kan kujera da sababbin furanni da hayaƙin turare. Netravati ta zauna a gaba, Husensab a damanta, Akka a baya cikin farin sarinta. Netravati ta buɗe Todi a hankali, ta shimfiɗa shi, tabla ta shigo. Can sai ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ruwa. Akka ta ɗauki waƙar kamar yadda ta saba, da ƙaramar murya, irin ta mai riƙe wa wani kaya. Ta kewayo da ita daidai inda mai waƙa zai karɓa.

Netravati ta ajiye kofin, ta haɗa hannuwanta a cinya, ba ta buɗe baki ba.

Akka ta sake kewayowa, ta kawo, ta ajiye mata a gaba. Shiru. Ta zungure ta da gwiwa, ta ce a tsakanin numfashi, "Netra, karɓi." Waɗanda ke layin gaba sun ji. Netravati ta sake ɗaukar kofin, wanda kowa ya ga babu komai a ciki. Husensab kuwa ya ƙura wa fanka ido yana kiɗa, kai ka ce bai taɓa ganin fanka ba.

Mun ga fuskar Akka lokacin da ta gane. Abu biyu ne a gabanta: ko ta bar shiru ya sauka a tsakiyar Todi, gaban hoton malaminta, ko ta ci gaba. Wadda ta yi rayuwarta ba ta taɓa barin waƙar wani ta faɗi ba, ba ranar za ta fara ba. Ta ci gaba.

Da farko a ɗarare take, tana rera guntaye tana leƙen ƙeyar Netravati. Sannan ta rufe ido. Hannunta na hagu ya tashi daga cinya yana bin sautin, muryar nan da muka sani ta taga ta fito gaba ɗayanta ta cika ɗakin. Netravati ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tabarma, sai ga fuskar Akka a fili, babu kafaɗar kowa a gabanta. Ta fara hawa. Da ta kai sama muryar ta yi rawa, kamar yadda ta faɗa, zuciyata ta tsinke, domin daidai irin wurin nan ne take tsayawa a gida ta koma gyara. Yau babu halin tsayawa. Ta riƙe sautin da rawarsa har ya zauna, ta wuce shi, ta sauko, ta shiga mai sauri, Husensab na bin ta gumi na ɗiga daga gemunsa. Ta kai raag ɗin har ƙarshensa ta sauke shi da kanta.

An ɗan jima ba wanda ya motsa. Yallavva na kusa da ni tana share hanci da bakin sarinta. Sannan tafi ya ɓarke, tsofaffin da ba su tashi wa kowa suka miƙe. Ni dai daɗi da baƙin ciki suka haɗe mini, daɗin na ji, baƙin cikin shekarun da aka hana mu.

Akka ta kwantar da tanpura. Netravati ta juyo ta kama ƙafafunta.

"Ke wace irin ɗaliba ce?" in ji Akka. "Haka na koya miki?"

"Ruwa nake sha, Akka."

"Kogi kika shanye?"

"Ba ki zauna a gaba ba," in ji Husensab yana goge fuska, ya kama kunnensa ya nuna hoton da haɓa. "A baya kike, aikin na baya kika yi. Ni shaida ne ko a gabansa."

Ba ta kula shi ba. Tana zaune tana duban tabarma, leɓɓanta na motsi, da gani bitar abin da ta rera take yi. Netravati ta ɗago kai, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Akka, da saura?"

"Da saura," ta ce. "Wajen saukowa daga sama na yi gaggawa." Sai ta ɗaga ido ta dubi hoton, ta daɗe tana dubansa. "Guruji ma a nan yake gaggawa. Duk shekarun nan ina bayansa ina jin shi." Sai ta yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har ta dafa kafaɗar Netravati. "Ashe da irin wannan sauran ake zama a gaba."

Mun gode, Akka. Mun gode da safiyoyin layinmu, da yaran da kika tsinto inda ba wanda ya duba, da majinyatan da kika raka har bakin ƙofa, da Todi ɗaya cikakke da muka samu kafin ki tafi. Tsohuwar zuma, Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki sauka gidan ɗan ƙaninki cikin daɗin rai.

Mu kuma da muka rage, duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa, a aji ne, a shago ne, ko a ɗakin girki, ya juya ya dube shi yau. In ya isa, a faɗa masa da baki, da ƙarfi, gaban mutane, tun harshe na motsi. Haka Akka ke yi. Ita ba a faɗa mata ba, kuma ba ta rama a kan kowa ba.